Kwalin Firji a Motar Honarabul

Kullum da hantsi idan na fito da benci gaban rumfa, sai in ga samarin nan da ke tara kwali a bakin tashar Kakuri suna tsalle a kan kwalaye da takalmansu, wai suna kwantar da su. Su tattake, su ɗaure, su jira babbar mota ta zo ta auna a sikeli ta wuce da su inda ake niƙawa. Akwai wanda na kama da idona yana yayyafa wa nasa ruwa daga buta don ya ƙara nauyi. Da na yi magana sai ya ce, "Baba, ai kwali ne kawai. Kowa ma zai iya." Ban ba shi amsa ba a lokacin, don bakina da goro, kuma abin da ya zo mini a rai bai dace da mai furfura ba. To ga amsar yau, wanda ya san shi ya karanta masa.

Sunana Sale, a Makera aka haife ni, kuma a hannun Baba Istifanus na koyi wannan sana'a. Mutumin Zonkwa ne, ya yi shekaru a sashen ɗaure kaya a masaƙa, da aka yi ragin ma'aikata ya fito da abin da ya sani ya kafa rumfa a nan inda nake zaune. Aikinmu ba sayar da kwali ba ne kamar yadda kuke zato. Mai ƙaura zai zo, mu je gidansa mu duba kayansa, mu kawo kwalayen da suka dace, mu shirya masa komai. Idan ya zauna a sabon gida ya kwance, mu koma da kura mu kwaso abinmu, har da tsofaffin jaridu da yankakken ƙyallen masaƙa da farin soson da muka cusa tsakanin kofuna. Mu gyara wanda ya yage, mu shanya wanda ya ɗauki danshi, mu ba na gaba. Kwali ɗaya a hannun Baba yakan zagaya gidajen Kakuri da Barnawa da Unguwar Mu'azu har mu kanmu mu manta abin da aka fara zubawa a cikinsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Wuƙa ce da ya wasa daga karyayyen zarto, da basilla, da igiyar buhu, da kokon rogo da muke damawa don liƙi, da tsohon dutsen guga mai gawayi na danne inda kwali ya kumbura. Sai katakai da muke jerawa a ƙasa saboda gara. Amma aikin farko da ya ba ni babu kayan aiki ko ɗaya a ciki. Ya tura mini tulin kwalaye ya ce in sa kaina a cikin kowanne in shaƙa. Na ɗauka wasa yake da ni. Ashe hanci ne rabin sana'ar. Kwalin sabulu ba ya zuwa kusa da abinci. Kwalin busasshen kifi ba ya ɗaukar tufafi. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari kuwa wuta ce makomarsa, komai kyansa. Wani mai rumfa a can gaba da mu, wanda bai yarda da shaƙa ba, ya taɓa zuba wa wata malamar asibiti garin masararta a kwalin omo. Gidan suka ci tuwo mai ƙamshin wanki har garin ya ƙare, kuma ba ta sake bi ta gaban rumfarsa ba sai da tsaki.

Babbar dokar Baba ita ce juyi. Duk kwalin da ya shigo rumfa, sai a farke shi ta wajen ɗinkin gefe, a juya fuskar da ke da rubutu da hoto ta koma ciki, a sake haɗa shi da basilla. Daga waje ba ka ganin komai sai launin ƙasa. Aiki ne mai cin yatsu, kuma idan ka karya shi ba ta layin da aka karya shi tun farko ba, ka kashe kwalin. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Sale, kwalin giya ya fi kowane kwali ƙarfi, ga ɗakuna a ciki na gilashi. Za ka shigar da shi gidan Alhaji da hoton kwalba a jiki? Kuma ranar ƙaura duk unguwa tana bakin ƙofa tana kallo. Abin da mutum yake da shi da wanda ba shi da shi, ba aikin kwalina ba ne ya faɗa." Ko alama ba ma rubutawa da biro. Ƙyalle muke ɗaurawa a igiya, ja na kicin, shuɗi na ɗakin kwana, fari na abin fashewa.

Jarin rumfar kuwa shi ne manyan kwalaye, na firji da na talabijin da na injin wanki. A wancan lokacin ba a tsintar su a bola kamar yanzu. Mai sayen sabon firji a Kaduna sai ka lalubo shi, kuma idan ya saya matarsa ba ta sakin kwalin. Baba ya daɗe yana bin gidajen manyan ma'aikata da roƙo da haƙuri kafin ya tara nasa. Da su muke ɗaukar madubin kwaba, da keken ɗinki, da babban agogon bango, da duk abin da mai gida ke cewa idan ya fashe ba zai yafe ba. Rumfar da ba ta da su sai dai ta yi ƙaurar gwauraye da ɗalibai. A sama yake rataye su, ƙarƙashin kwano, cikin leda, kuma ko matarsa Mama Saratu ba ta taɓa su.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, kakarmu ta yanke saƙa. Hafsoshi suna tashi daga gidajen gwamnati, sababbin manya suna shiga, kowa na neman mai shirya kaya. A cikin wannan hada-hadar Baba ya samu sababbin manyan kwalaye masu kyau daga gidan wani hafsa, hotunansu raɗau, ko juya su ba mu samu sukunin yi ba. Suna jingine a rumfa Ayuba ya iso.

Ayuba ɗan ƙanen Mama Saratu ne. Mai gyaran rediyo ne a wani lungu a bayan masaƙa, irin wanda idan ka kai masa rediyo sai ka yi mata addu'ar bankwana. Kullum "ka dawo jibi, wayar ce ba ta iso daga Legas ba." Ban san yadda aka yi ba, ya tsaya takarar kansila, ya yi wa matan unguwa alkawarin rijiyar burtsatse, kuma ya ci. Mutumin da ke ce mini Malam Sale yana aron bencina, sai ga shi cikin babbar riga mai sitaci, wai yanzu Honarabul. Ya kama gida mai katanga a Kamazou, ya bar ɗakinsa ciki da falo, har ma ya bar mutanen da suka zaɓe shi gaba ɗaya.

Ya tsaya yana shafa kwalin firji kamar mai taya rago. Ya ce, "Baba, waɗannan nake so. Duk manyan. Amma kada a juya."

Baba ya ce, "Ayuba, me kake da shi da zai shiga kwalin firji?"

"Baba, ai level ya canza. Unguwar da zan shiga duk manyan mutane ne. In shiga da kwali mara suna kamar ɗan gudun hijira? Tsofaffin ma a mayar da fuskarsu waje."

Na ce, "Honarabul, firjin naka guda nawa ne?"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Kai Sale, da oganka nake magana."

Baba ya ƙi ƙememe. Ayuba ya tafi, da yamma sai ga Mama Saratu. Na ji su ta bayan rumfa. Tana cewa yaron nan maraya ne, ita ta goya shi, yau Allah ya ɗaga shi shi ne mijinta zai kunyata shi saboda kwali? Me za ta faɗa a coci ranar Lahadi? Baba mutum ne da hafsan soja bai taɓa sa shi ya canza magana ba, amma washegari da safe na same shi yana farke ɗinkin da ya yi da hannunsa, yana mayar da hotuna waje. Na zauna na taya shi. Haushi kuwa ya ishe ni.

Shirya kayan Ayuba bai ɗauke mu ko rabin wuni ba, don babu kayan. Katifa, da tukwane masu baƙin gindi, da turmi, da kujerun roba. Sai tulin matattun rediyo da ya kwaso daga shagonsa, ya ce a zuba su a kwalin firji mafi girma don ya yi nauyi, kada masu ɗauka su gane. Sauran kwalayen muka cika su da jarida da iska. Ya ɗauko a-kori-kura buɗaɗɗiya, ya tsaya da kansa yana nuna yadda za a jera, kowane hoto ya kalli titi. Maimakon direba ya miƙe hanyar Kamazou, sai Honarabul ya sa shi ya zagaya ta cikin unguwa, ta gaban kasuwa, a hankali, shi yana gaba ya fito da hannu yana ɗagawa. Ni ina baya a kan turmi na rufe fuska da hula. Ina jin mata suna cewa, "Kai! Tun ba a je ko'ina ba?" Wani dattijo mai faci ya tsaya da tayar keke a hannu yana ƙirga talabijin da yatsa.

Ƙa'ida ita ce idan an kwance kaya mu koma mu kwaso kwalayenmu. Na je da kura, na tarar an jera su a baranda, inda duk mai wucewa zai hango ta saman katanga. Ayuba ya ce in dawo wani mako, maƙwabta ba su gama zuwa gaisuwa ba. Na ce damina ta kama, barandar nan feshi na shiga. Ya ce ai yanzu shi ba ya magana da ƙananan mutane a kan ƙananan abubuwa. Na koma na faɗa wa Baba. A makon nan wani likita ya zo neman mu ɗauke masa kaya zuwa Barnawa, da madubai da komai, muka ce ya yi haƙuri. Wani lauya ma haka. Baba ya zauna yana kallon saman rumfa inda leda ke reto babu komai a ciki.

Komawata ta gaba ranar Asabar ce da rana tsaka, sama ta haɗa baƙi ta gabas. Na tarar da gidan cike. Mutanen tsohuwar unguwarsa ne suka yi motar haya suka zo taya shi murnar sabon gida, matan kasuwa da samarin da suka yi masa yawon kamfe da wasu dattawa. Kowa ya san murnar tana da ƙanwa, wato maganar burtsatse, amma dai an fara da gaisuwa kamar yadda ya kamata. Aka shimfiɗa musu tabarmi a tsakar gida. Kun san baƙo ba a fara masa da komai sai ruwa. Matar Ayuba, baiwar Allah da ba ruwanta, ta fito da ruwa a kwanon sha, daga randa.

Wata tsohuwa mai sayar da tumatir, Mama Asabe, ita ta fara karɓa. Ta kurɓa, ta sauke kwanon, ta dubi baranda, ta dubi Ayuba. Ta ce, "Honarabul, mun sha rana tun daga Kakuri. Firji har ya yi maka yawa wasu suna waje, amma mu ruwan randa ne darajarmu?"

Ayuba ya ce ba a haɗa wuta ba tukuna. Daidai lokacin fankar falo tana juyawa, kowa yana gani ta taga. Wani saurayi ya ce, "Oga, to mu haɗa maka, ai mu ne yaranka." Kafin Ayuba ya miƙe, su biyu sun kama babban kwalin za su ɗaga. Gindin kwali idan ya kwana a baranda yana shan feshi ba ya riƙe nauyi. Ya ɓalle. Rediyoyi suka zubo a siminti, wasu babu murfi, wasu hanjinsu a waje.

Sai dattijon nan mai faci ya sunkuya ya ɗauki wata mai jan hannu, ya juya ta, ya ce, "Wannan ai tawa ce. Ka ce mini ɓarayi sun fasa shago." Mama Asabe ta ce, "Ga ta marigayi mijina can!" Daga nan babu wanda ya sake sauraron kowa. Duk wanda ya taɓa kai wa Ayuba gyara, kuma kusan duk sun taɓa, ya afka wa sauran kwalayen yana neman tasa. Ba ta wajen ɗinki suke buɗewa ba, ina suka san ɗinki? Da hannu da haƙori da ƙafa. Ina ihu, "Ku bari! Ba nasa ba ne! Na Baba Istifanus ne!" Wa zai ji ni? Suka yage na talabijin suka ga jarida, suka yage na injin wanki suka ga jarida, haushi ya ƙaru suka shiga tattakawa, irin yadda ku kuke yi yanzu kuna kiran abin sana'a. Ayuba ya shige ɗaki ya sa sakata. Sannan ruwa ya sauko, irin mai zuwa da iska.

Abin da na tura a kura zuwa Kakuri ba kwali ba ne, wani abu ne kamar jiƙaƙƙen tuwo. Baba ya fito ya tsaya a kai. Ya sa hannu ya ɗago wani yanki da ɗinkinsa a jiki, igiyar tana nan daram, kwalin ne ya narke a gefenta. Ya mayar ya ajiye. Abin da kawai ya ce shi ne, "Ka ci abinci kuwa, Sale?"

Wannan ita ce muguwar shekararmu, a tsakiyar shekarar da kowa a sana'ar yake cin kasuwa. Manyan ayyuka suka koma wasu rumfuna. Mu muka dawo ɗaukar akwatin ɗalibai. Ga kuma jakar nan ta gana-mas-go ta cika gari, 'yan siyasa sun ɗaukaka ta, kowa ya ga ai zai iya cusa kayansa ya ja zif ba sai ya nemi mai kwali ba. Baba ya gwada sake bin gidaje neman manya, amma ƙafa ta gaji, ido ya fara hazo, kuma sababbin masu firjin ba su san shi ba. Ayuba bai taka rumfar ba ko da ban haƙuri. Mama Saratu ta daina biyowa ta nan, ina jin kunya ce. Kafin wata daminar ta zagayo, Baba ya ce zai koma Zonkwa ya yi noma.

Ni na shirya masa kayansa. Tukwane a kwalin madara, tufafi a na biskit, duk juyayyu, duk da ƙyallensu. Da muka zo kan madubin kwabar Mama Saratu, wanda ya saya mata tun yana masaƙa, muka tsaya muna kallon juna. Mutumin da ya ɗauki madubin rabin Kaduna ba tare da ko tsaga ba, nasa da bargo muka naɗe shi muka ɗaure da igiya. Daga baya direban ya gaya mini bai wuce Kachia ba ya rabe biyu. Kafin motar ta tashi Baba ya miƙo mini wuƙarsa da basillarsa ta taga, ya ce rumfa ta zama tawa. Na yi baƙin ciki ranar nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Na daɗe kafin in sake mallakar kwalin firji. Ranar da na samu na farko, daga gidan wani ma'aikacin banki, na jingine shi ina shirin farkewa, sai na ji sallama a hankali. "Malam Sale, barka da aiki." Ayuba ne. Wa'adinsu ya ƙare, ba a sake ba shi takara ba, mai gidan Kamazou ya ba shi notis. Babbar rigar tana nan amma sitacin ya tafi. Ya ce zai koma tsohon lungunsu, yana neman kwalaye kaɗan, har da babba guda na keken ɗinkin matarsa, wanda da shi suke ci yanzu.

Na ce, "Honarabul, ka zo a sa'a. Ga na firji, sabo fil, dubi hoton, har da 'ya'yan itace a ciki. In sa a zagaya da kai ta kasuwa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Don Allah, Malam Sale, ka juya shi."

Na ce juyi aikin mutum biyu ne idan kwali ya kai wannan girma, kuma wanda yake riƙe mini ya koma Zonkwa. Na jawo bencin Baba zuwa bakin titi, na zaunar da shi, na farke kwalin na ɗora masa gefe ɗaya a gwiwa na ce ya riƙe da kyau kada layi ya goce. Lokacin tashin kasuwa ne. Masu wucewa suna rage tafiya. "A'a, Honarabul, sannu da aiki!" "Honarabul, ya burtsatse?" Mama Asabe ta sauke tiren tumatirinta a gefenmu ta ce ita hutawa kawai take yi. Ni kuwa na zare basillar Baba na shiga ɗinki, ƙanana ƙanana, kusa da kusa. Tun da nake sana'ar nan ban taɓa yi wa kwali ɗinki mai kyau da jinkiri irin na ranar ba, kuma bai saki gefen ba har na ƙulle igiya.

Wancan kwalin ban tura kura a ɗauko shi ba. Washegarin ƙaurarsa da sassafe Ayuba ya kawo shi da kansa, a ka, ya lulluɓe shi da leda, ko da yake babu alamar hadari a sama.